Zakaran Inna a Gwanjon Agege

Tun da na dawo daga Ikko ban ƙara shan shayi da zafinsa a ɗakin malamai ba. Da na kai kofi baki sai wani ya jawo kujera ya ce, "Malam Istifanus, wai ni kam yaya aka yi ne?" Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutumin da ya tafi cikin babbar bas, da kwat da takalmi mai ƙyalli, ya dawo a bayan motar albasa, har 'yan aji uku suka yi ta atishawa duk sanda na gifta. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura labarin yana ƙiba a bakin mutane, don jiya na ji wai na mari dattijon ikilisiya. Ban mari kowa ba. Ga shi nan a rubuce. Wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa takarda in sha shayina.

Ƙanena Ayuba mai bishara ne a wata 'yar majami'a ta masu jin Hausa a Agege. Jama'arsa masu gadi ne, da tsofaffin sojoji, da mata masu tuya, mutanen Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, da tsirarun namu na ƙasar Malumfashi. Da kakar shekarar da ta bi bayan komawar sojoji bariki, wani direban garinmu ya zo mana da labari. Dattawan majami'ar sun shirya godiyar kaka irin ta can, wadda ake gwanjon baikon jama'a, wato kayan da suka kawo wa Allah, a cikin ɗakin sujada. Ayuba ya ce ba da shi ba. Su kuma suka ce ranar Lahadin godiya, ko ya sa wa gwanjon albarka, ko ya kwashe kayansa daga ɗakin da yake zaune a bayan majami'a. Yara uku gare shi, matarsa da tsohon ciki, a garin da sai ka biya hayar shekara biyu kafin a nuna maka makulli.

Inna ta saurari direba har ya gama, sannan ta dube ni.

"Kai za ka je."

"Inna, makaranta fa?"

"Makarantar da kullum kuna yajin aiki? Ka je ka gani da idonka. In taurin kai ne irin na ubanku, ka lanƙwasa shi. In gaskiya ce, ka tsaya a bayansa."

Na ce to. Ina ganin an gama, sai ta sunkuya akurki ta fito da zakara, ja, mai dogon wuya, yana kallona da irin rainin da sufeton makarantu ke kallon sabon malami.

"Wannan na Allah ne. Tun yana ɗan tsako na keɓe shi. Bana a majami'ar ɗana zan yi godiyata. Ka ajiye shi gaban bagade da hannunka."

A wurinmu haka ake godiyar kaka. Mai dawa ya kawo dami, mai kaza ya kawo kaza, a jibge a gaban bagade, wato teburin gaban majami'a, a yi addu'a, sannan dattawa su raba wa gwauraye da marayu da gidan mai bishara, ba a faɗin wa ya kawo me. Na yi ƙoƙarin fahimtar da Inna cewa Ikko ma akwai kaji, ta bari in saya a can. Ta ce, "Na can ɗin ni na ba shi tsaba?" Na ɗauki zakara.

A tashar Funtuwa kwandasta ya ce sai na biya masa kuɗin mota. Na ce kujera zai zauna? Ya ce, "Malam, duk abin da ke numfashi fasinja ne." Muka daidaita a kan kuɗin kaya, wato ya yarda zakara buhu ne, ni kuma na yarda buhu yana numfashi. Na sa shi a kwalin sabulu mai huji, na tura ƙarƙashin kujera.

Ta hannun damana wata Bayarabiya ce mai sarin wake, kowa yana kiranta Iya, Hausarta ta fi ta wasu ɗalibaina. Ta leƙa kwali ta ce, "Oga ticha, wane malami ne ya ce ka kawo ja? Ai fari aka fi nema."

"Iya, coci zan kai shi."

"E, ai su ma sun fara karɓa," ta ce, ta gyara ɗankwali ta yi barcinta.

Shekarar ba ta kwanciyar hankali ba ce. Rikicin Kaduna bai gama fita daga jikin mutane ba, kowa a motar nan sai ya auna sunansa kafin ya faɗa. Na haguna, wani mai gemu, ya tambayi nawa. Na faɗa. Sai da muka wuce gari guda, sannan ya miƙo mini dabino bai dube ni ba. Na karɓa ban dube shi ba. Zumuncin shekarar ke nan.

Bayan Tegina wani mai kwat ya miƙe a tsakiyar mota ya ce a rufe ido. Ya yi addu'a mai zafi a kan aljanun hanya masu shan jini, har Musulmin motar suka taya mu amin, don ramukan hanyar ba su tambayi addinin kowa ba. Amin ɗinmu ba ta bushe ba ya buɗe jaka: maganin basir, maganin tsutsar ciki, da wani mai a kwalba wanda ya ce ya yi masa azumi. Na lura waɗanda suka fi ɗaga murya wajen amin su suka fi saya. Da wuya ka ce amin ga mutum sannan ka ce kayansa ƙarya ne.

Na daɗe ina koyar da taswirar ƙasar nan, kuma babu iyaka a Jebba. To akwai. Kana haye gadar, huluna su canza, gaisuwa ta canza, kunu ya ɓace. Can gaba kaɗan wasu mutane masu katako mai ƙusoshi suka tsayar da mu, ba kaki ba takarda a ƙirji, suka ce masu duba dabbobi ne. Zakara, wanda ya yi shiru tun Mokwa, ya zaɓi wannan lokaci ya yi cara. Aka ce in sauko da shi in nuna takardar lafiyarsa. Na fara bayani da Turancin da nake ajiyewa don irin wannan rana, sai Iya ta leƙo ta taga ta zuba musu Yarabanci. Mutumin ya janye hannunsa daga kwali kamar ya taɓa garwashi, ya dube ni da tausayi, ya ɗaga katako. Da muka wuce na tambaye ta me ta ce.

"Na ce na sadakar mai taɓin hankali ne, duk wanda ya taɓa, ciwon ya koma kansa."

"Wane ne mai taɓin hankalin?"

Ta dubi kwat ɗina a cikin zafin nan, ta dubi kwali, ta koma barcinta.

Motar ta mutu kusa da Ogbomosho da la'asar sakaliya, dole muka kwana. Na kama ɗaki a wani masauki mai katifa wadda ta san mutane da yawa kafin ni. A rumfar abinci aka kawo mini amala, tuwo baƙi kamar an tuƙa shi da ruwan wankin allo, da wata koriyar miya mai yauƙi. Na ɗanɗana cikin tsoro, ashe lalo ce tamu ta gida, ta zo kudu ta canza suna. Barkonon kuwa ba a tambayarka, kamar haraji. Da asuba zakara ya fita daga kwali ya hau kan kujera ya tashi masaukin gaba ɗaya, maƙwabta suna dukan bango da harsuna iri-iri.

A nan ne, ina zaune bakin katifa ina goge kashin kaza daga takalmina, na fara tausayin wasu mutane da na daɗe ina zarginsu a ajin Lahadi. Kowane yaron majami'a ya san labarin ranar da Yesu Almasihu ya shiga Haikali ya tarar da masu sayar da tantabaru da masu canjin kuɗi, ya kifar da teburansu ya kore su, don gidan na addu'a ne. Mukan koyar da shi kamar mutanen nan mugaye ne tun daga ciki. Amma mai ziyarar da ya taso daga ƙasa mai nisa, ina dalilin ya yi ta fama da tsuntsu a kwali? Wanda ya fara kafa tebur a wurin, na ce a raina, taimako ya nufa. Da na gamu da shi a Jebba da na rungume shi.

Muka sauka Ojota da hantsi. Ikko gari ne da kowa ya makara. A gida in ka tambayi hanya sai an tambayi lafiyar iyalinka, a nan kafin ka gama sallama mutumin ya kai wata unguwa. Na shiga danfo, wato ƙaramar bas mai launin ɗorawa wadda ba ta tsayawa, sai dai ta rage gudu don girmama fasinja. Da na ji warin goro da ƙarar jirgin ƙasa, na ga rawuna da masu shayi, na san na iso Agege. Hausa ce ko'ina, amma Hausa mai gudu, a fara magana da ita a ƙarasa da Yarabanci.

Majami'ar Ayuba langa-langa ce a kan bulo, tsakanin shagon walda da gidan burodi. Na same shi ya rame. Matarsa ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ni, na ce ta tashi. Ɗakinsu guda ne, rabinsa kuma doya ce da buhunan gari da aka tara don gwanjon, wato yana kwana da abin da zai kore shi. Bayan na ci abinci ya kai ni cikin majami'a. Ta rufin ana hango sama a wurare da dama. A gaba akwai fararen kujerun roba masu matashi, a baya bencuna.

"Yaya, ba kuɗi nake ƙi ba," ya ce. "Ni ma da baiko nake cin tuwo. Amma dubi kujerun nan. Bara aka fara, ina jinya ba na nan. Wanda ya fi tayi a gwanjo shi ke zama nan shekara guda. Mai gadin da ya riga kowa zuwa, bencin baya."

"To ai kujera ce kawai."

"In an ɗaga doyar mutum sama, an kira sunansa, an ce nawa za a taya, me ake sayarwa? Doyar ce? Na ce musu a fitar da tebur bakin titi, a yi kasuwa a kira ta kasuwa. Suka ce a waje mutane ba sa tayi da tsada."

"Don me?"

"Don a waje ba gaban bagade ba ne. Ba wanda zai ji kunya."

Na dubi rufi, na tuna cikin matarsa. Na ce, "Ayuba, rana ɗaya ce a shekara. Rufe ido ka yi addu'ar nan. Ina za ka kai yara?"

Ya dube ni. "Inna ce ta aiko ka da wannan?"

"Inna zakara ta aiko."

Tunda babu wurin kwana a can, na sauka gidan Alhaji Sabo, wanda muka yi firamare tare, yanzu babban dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12. Yana ganina ya daka tsawa, "Bamaguje mai alli! Har yanzu ba ka yi arziki ba?"

"Kai ma har yanzu ba ka iya rabawa ba."

"Ina da mai yi mini, digiri gare shi."

Ranar Asabar ya tafi da ni kasuwa. Ban taɓa ganin albasa ta zama dutse ba sai ranar. Samarin ƙauyukanmu, 'yan cin rani, suna gudu da buhu a ka cikin taɓo, Alhaji yana zaune kan benci yana ciniki da harshe uku yana cin goro. Na ba shi labarin Ayuba tsakanin ciniki da ciniki.

"Gwanjo a ɗakin ibada?" ya ce. "Mu ko akuyarka ce ta ɓace ba ka cigiyarta a cikin masallaci. Amma zo ranar Juma'a ka ga bakin ƙofa: turare, hula, carbi, har mai maganin ƙarfin maza. Ciniki takalmi ne, Bamaguje. Ba ka tafiya sai da shi, amma a bakin ƙofa ake barinsa." Ya tofar da goro, ya yi dariya. "Sai dai dattijon naku ya san kasuwa. Da zan sami wurin da mai saye ke jin kunyar tayi ƙasa, da tuni na bar Mile 12."

Dattijon da yake nufi shi ne Dattijo Dauda, shugaban dattawan majami'ar, tsohon soja mutumin Filato, mai manyan motocin ɗaukar kaya a wajen Mile 2. Da yamma na je gaishe shi ina sa ran ganin Fir'auna. Na tarar da tsoho mai sanyin murya, wanda aka gaya mini ba gawar ɗan majami'ar da aka kai gida ba da motarsa ba, kuma hayar ɗakin Ayuba ma daga aljihunsa take fita.

"Malam, kai mai ilimi ne," ya ce. "Ka ga rufin. Damina ta wuce muna sujada da bokiti. A gida kuna da gona, a nan aljihu ne gonarmu. Cocin Yarabawa na bayanmu, da gwanjo suka yi bene. In na ce a kawo baiko a ɓoye, kowa zai kawo abin da ba zai sayi ƙusa ba. In na ɗaga doya a gaban jama'a, sai a yi rufi. Ƙanenka yana so mu zauna cikin ruwa da tsarki."

Na kwana ina juyi, rabina na Ayuba, rabina na rufi.

Lahadi majami'a ta cika har taga. Aka yi waƙoƙi, aka shigo da baiko da rawa. Na bi layi na ajiye zakaran Inna gaban bagade da hannuna, ƙafafunsa a ɗaure, na koma benci na tsakiya. Ayuba ya yi wa'azi gajere, ya zauna. Da aka jawo dogon tebur tsakiyar majami'a aka jera kayan, Dattijo Dauda ya dube shi don addu'ar buɗewa. Ayuba bai tashi ba. Dattijo ya jira, sannan ya yi addu'ar da kansa.

Mai gwanjon wani ne Oga Sande, haifaffen Agege, tsohon kwandasta da ya zama mai danfo, muryar kuma ba ta yi ritaya ba.

"Oya, oya, jama'ar Allah! Doyar Baba Dauda ce wannan, ku dubi ƙugunta! Wa zai taya? Kada ku ba Ubangiji kunya!"

Duk tayi sai makaɗa su buga, mata su yi guɗa. Doya guda ta kai kuɗin buhu. Zan faɗi gaskiya, abin da daɗin kallo. Sai Sande ya ɗago wata 'yar leda da yatsu biyu, barkono ne a ciki da 'yan kuɓewa.

"Wannan na wa ne? Mama Rifkatu! Haba Mama, ke da Allah faɗa kuke yi?"

Aka kwashe da dariya. Mama Rifkatu gwauruwa ce mai tuyar ƙosai a bakin titin jirgi, tana zaune a bencin da ke bayana. Ba wanda ya taya. Sande ya jefa ledar ƙarshen tebur. Na waiwaya na ga ta ja gyale ta rufe rabin fuska, tana kallon yatsun ƙafarta, tana murmushin da mutum ke yi don kada a ce ya ji haushi.

Raina ya ɓaci. To a gida, a taron ikilisiya, in kana da magana hannu kake ɗagawa, mai jagora ya ba ka dama. Shekara da shekaru ina horar da yara a kan haka. Na ɗaga hannu, miƙe, kamar yadda ya kamata. Ban lura Sande ya riga ya ɗago zakaran Inna ba.

"An taya! Oga ticha ya taya! Baƙo daga arewa!"

Ganga ta ɗauka. Dattijo Dauda, wanda ba ya so baƙo ya fi shi a gidansa, ya ƙara. Na sake ɗaga hannu ina cewa, "A'a, magana gare ni!" Ganga ta cinye maganar, Sande ya ga hannun kawai.

"Ya ƙara! Ticha bai zo da wasa ba!"

Ban san abin da ya hau kaina ba. Duk malami ya san in aji ya rikice, hannu kake ƙara ɗagawa sama har a yi shiru. Haka na yi ta yi. Kuɗin ya wuce na zakara, ya wuce na ɗan akuya, yana hararar tunkiya. Daga nan Dattijo Dauda ya miƙe ya ce ba a kunyata baƙo, ya bar mini. Majami'a ta ɗauki tafi. Aka danƙa mini zakara, aka kama hannuna har gaba, aka zaunar da ni kan farar kujera mai matashi.

Daga nan ina fuskantar Ayuba sosai. Ba fushi na gani a fuskarsa ba. Shekaranjiya na ce masa ya rufe ido, yau ga ni na fi kowa tayi. Kallon da ya yi mini shi ne na mutumin da ya ƙirga mutanensa ya ga saura shi kaɗai.

Sai ya tashi, ya sauko, ya tsaya a bakin tebur ta ɓangaren bagade. Makaɗa suka tsaya.

"Jama'a," ya ce, "Ubangijinmu da ya tarar da irin wannan, kifarwa ya yi. Ni ba shi ba ne, kuma guminku ne a kai. Waje zan kai shi. Wanda zai saya ya saya a can, Allah ya sa albarka. Amma nan ciki ba mai sayen kujera, ba kuma wanda za a yi wa dariya don abin da ya kawo." Ya kama bakin tebur. "Sai dai tebur kai biyu gare shi."



"Ayuba," in ji Dattijo Dauda a hankali, "ka tuna da ɗaki."

"Na tuna, Baba."

Ba wanda ya motsa. Matar Ayuba tana tsaye bakin taga, hannu a ƙugu, ba ta ɗaga kai ba. Na tashi daga matashin nan, wanda, in faɗi gaskiya, laushi gare shi. Na isa ɗaya kan teburin, sai na ga ba dama, zakara yana hammatata yana harbi.

"Kawo shi nan, Malam," wata murya ta ce. Mama Rifkatu ce.

Muka ɗaga. Ban san doya tana da nauyin zunubi ba sai ranar. Ni ke gaba, ina tafiya da baya-baya, kaya suna gangarowa. Muna kaiwa tsakiya wasu masu gadi biyu daga bencin baya suka kama gefe da gefe. Ƙofar ta yi ƙunci, sai da aka karkata, kabewa ta faɗi ta fashe. Muka haye katakon kwata muka dire shi bakin titi, cikin rana da hayaƙin walda.

Sande ya biyo mu ya ci gaba da kira, don shi ko'ina tasha ce. Amma a waje kasuwa kasuwa ce. Matan unguwa suka taru. Wata ta ɗauki doya irin ta Baba Dauda, ta soka mata farce, ta ce ta fara ruɓa, ta taya rabin kuɗin kasuwa. Abin da aka fara saya, ba ko ciniki, shi ne ledar barkonon Mama Rifkatu, don wata Bayarabiya ta bar miya a wuta. Abin da aka tara gaba ɗaya, kada in yi muku ƙarya, ba zai rufe kusurwa ɗaya ta rufin ba. Dattijo Dauda ya faɗi gaskiya a kan wannan.

Ina share gumi Sande ya matso. "Oga ticha, kuɗin zakara."

Ina da hujjoji, amma na ɗaga hannu a gaban jama'a, kuma rufin da gaske yake yoyo. Na biya a nan bakin kwata, da kuɗin motata na komawa, da na tsarabar yara, da wanda na ɓoye a safa. Zakara ya zama nawa. Na aika aka kira Alhaji Sabo ya yanka shi, kamar yadda muke yi a gida don maƙwabta su iya ci, matan majami'a suka zuba shi a babbar tukunyar shinkafa. Mai walda ya ci, masu gadi suka ci, Mama Rifkatu ta sami cinya. Ni wuya na samu, dogon wuyan nan. Alhaji yana suɗe yatsa ya ce bai taɓa cin nama mai tsadar wannan ba, kuma ɗanɗanonsa na kaza ne sak.

Dattawa suka zauna da la'asar. Ba su sami baki ɗaya a kan sallamar Ayuba daga wa'azi ba, don haka yana nan. Amma ɗaki na mai biyan haya ne, Dattijo Dauda kuma ya ce su tashi ƙarshen wata. Kafin in taso Ayuba ya sami wani ɗan ɗaki a Abule Egba ta hannun wani tsohon soja, bai kai rabin wancan ba, ga doguwar tafiya a danfo. Na taya su ɗaure kaya. Matarsa ba ta yi mini magana mai tsawo ba, ban kuma ga laifinta ba. Dattijo Dauda bai bar majami'ar ba. Da na je sallama ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, in damina ta zo, ka zo ka riƙe mana bokiti ɗaya."

Alhaji ya sa ni a motarsa da ta sauke albasa za ta koma arewa. Gidan gaba ya cika, sai baya, kan buhunan wofi. Asalin warin ke nan, ku huta da tambaya.

Na sami Inna a tsakar gida tana tsince wake. Na gaishe ta, na sha ruwa.

"Taurin kai ne ko gaskiya?"

"Inna, duka biyun ne, a tukunya ɗaya."

"Ka tsaya a bayansa?"

"A gabansa na tsaya. Ni na fara fita, da baya-baya."

Na ba ta labarin tebur da na ɗaki. Ta tambayi watan haihuwar matarsa, ta ce za ta aika da dawa. Sannan ta ce, "Zakaran fa? Ka ajiye shi gaban bagade?"

"Da hannuna."

"Sai aka ba wa?"

"Inna, ai ni na saye shi."

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. "Ka saye shi."

"E."

"A wurin wa?"

Ta jira kaɗan, ta ci gaba da tsince wakenta. Har yau ban ba ta amsa ba. In akwai wanda ya san ta a ɗakin malamai, ya ɗaga hannu.